Ina kuka fara ganin Nargis ta harbe ɗanta?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wani matashi ya ce shi bai ga abin da ya sa dattawa ke kambama Nargis ba, tunda ko rawar kirki ba ta yi a Mother India. Na ce bari in tara masa shaidu. Duk wanda ya kalli fim ɗin, ya faɗa mana inda ya gan shi, da yadda wurin ya kasance lokacin da Radha, wato Nargis, ta saita ɗanta Birju da bindiga. A 1957 Mehboob Khan ya fitar da shi, amma na san yawancinmu daga baya muka riske shi.

Baba Mai Keke: Wa alaikumus salam. A Plaza na gan shi, ina saurayi, kuma ko a lokacin tsohon fim ne, dawo da shi ake ta yi saboda ba ya rasa 'yan kallo. Ku yaran yanzu ba ku san silimar da ba ta da rufi ba, sai duhu ya yi a kunna majigi. Indiyanci ba ma ji, rubutun ƙasan allo kuma ba kowa ke iya bi ba, to kowane layi akwai wanda ya riga ya haddace fim ɗin, shi ke ba da labari ana ce masa ya yi shiru. Birju muke so gaba ɗayanmu, don shi kaɗai ke iya kallon idon Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa. Da ya kashe shi har tafi aka yi. Da ya ɗauke 'yarsa ranar aurenta ya hau doki, mun ɗauka uwar tsoratarwa kawai take yi. Sai ƙarar bindiga. Wallahi wani a bayana ya miƙe yana cewa "Ke tsohuwa, ɗanki ne fa!" Daga nan har ƙofar fita musu ake yi.

Hajiya Ta Gwammaja: Baba, ku kuka ga silima. Mu a zamaninmu macen da ta taka ƙofar silima sunanta ya ɓaci, sai da talabijin ta fara sa finafinan Indiya muka samu rabonmu. A ɗakin maƙwabciyarmu muka cika, mu da yara da kishiyoyi biyu da ba sa ga maciji. Mu ba a wurin bindiga muka yi kuka ba, tun can baya muka gama shi: inda dutse ya danne hannayen mijinta Shamu, ya ga ya zama kaya ya sulale cikin dare, ta koma ita ke jan garma da wuyanta. Sai ambaliya ta zo, ƙaramin ɗanta ya mutu, ta je wurin Sukhilala neman abin da za ta ba yara, shi kuma ya nemi mutuncinta. Uwargidan ta ce, "Ai wanda ya ga wannan ba zai yi mamakin bindiga ba." Macen da ta ƙi sayar da kanta 'ya'yanta na kukan yunwa, yaya za ta tsaya ɗanta ya keta 'yar wani? Ku maza kun kalli Birju, mu ita muka kalla.

Malam Na Damagaram: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni a kaset na gan shi, a gidan kallo, da mahaifina da ba ya son fim ko kaɗan. Bashin ne ya zaunar da shi. Rufi 500 surukar Radha ta ranta don hidimar biki, aka sa mata hannu a takardar da ba ta iya karantawa ba, sai ga shi kashi uku cikin huɗu na amfanin gona na tafiya gidan mai bashi kowace shekara, uwar kuɗin kuma tana nan daram. Tsoho ya ce wannan ai ba da kaka ne, ya san gidajen da ya cinye a ƙauyensu. A wurin harbin bai ce komai ba, amma a hanya ya ce da Birju ya tsaya a kan Sukhilala da ba wanda zai ga laifinsa.

Ummi Ɗalibar Tarihi: Ni a waya na gan shi, ni kaɗai, don haka ba ni da labarin taro. Abin da ya ɗaure min kai shekarun Nargis ne. An haife ta a Kalkata ranar 1 ga Yuni 1929, ke nan tana da shekara 28 fim ɗin ya fito, ga ta da furfura da rawar hannu. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta Birju, shi ma a Yuni 1929 aka haife shi. Kuma shi ta aura, a Maris 1958, bayan wutar da aka kunna don ɗaukar fim ta fi ƙarfin ma'aikata ta rutsa da ita, ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone.

Baba Mai Keke: 'Yata, wannan labarin ya iso mana tun a lokacin, sai dai a karkace. A Fagge cewa ake yi ta auri ɗanta, har wani ya rantse ba zai sake kallon ta ba.

Ummi Ɗalibar Tarihi: Allah Sarki Baba. Sunanta na yanka ma Fatima Rashid. Mahaifiyarta Jaddanbai mawaƙiya ce kuma mai shirya fim, ita ta fara sa ta a gaban kyamara a 1935 tana ƙaramar yarinya. Mehboob Khan ɗin nan shi ya ba ta jaruma a Taqdeer a 1943, tana da shekara 14.

Alhaji Zango: Daga Kumasi nake gaishe ku. Ni da wata Nargis ɗin na fara sani, ta Raj Kapoor, mai dariya, wadda ke tsaye da shi ƙarƙashin lema cikin ruwan sama a Shree 420 na 1955. Kafin shi akwai Barsaat da Andaz a 1949, da Awaara a 1951. Finafinai 16 suka yi tare. Shi ya sa da na shiga Mother India na ɗan jima ban yarda ita ce ba, fuska duk taɓo. Wanda ya ce ba ta iya komai ba sai kuka, ya nemi Awaara, inda ta fito a lauya tana kare saurayinta a kotu. Amma ni har gobe harbin bai kwanta min ba. Uwa ta gari sai ta harbi dokin. Mehboob ne yake son ya mai da ita ƙasar Indiya sukutum, shekara goma bayan samun 'yanci, sai ya ɗora mata abin da ba uwar da za ta iya.

Hajiya Ta Gwammaja: Alhaji, in ta harbi doki ai amarya ce za ta karye. Kuma ta riga ta yi wa mutanen gari alkawari, ta gargaɗe shi da bakinta kafin ta ja kunama.

Ɗan Fagge: To ga shi gardamar ta biyo mu nan. Zan ƙara wa matashin nawa da cewa Mother India ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na Oscar a rukunin harsunan waje, Nargis kuma ta ci kyautar jaruma a bikin finafinai na Karlovy Vary a 1958, shekarar da gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri. Bayan aure ta kusa barin fim baki ɗaya tana kan ganiyarta.

Ummi Ɗalibar Tarihi: Amma ta dawo a Raat Aur Din na 1967, ta fito a matar aure mai ciwon da ke raba mata hali biyu, da shi ta zama ta farko da aka ba kyautar jaruma ta ƙasa. A 1980 aka naɗa ta majalisar dattawan Indiya. Ciwon daji ya kama ta, aka kai ta New York, ta rasu a Bombay ranar 3 ga Mayu 1981, saura 'yan kwanaki a buɗe Rocky, fim ɗin farko na ɗanta Sanjay. An bar mata kujera ba kowa a ranar.

Baba Mai Keke: Tsaya, Sanjay Dutt, ɗan daba mai lasin? To ai sai ka gaya wa yaron naka uwar gwaninsu ce yake rainawa.

Malam Na Damagaram: Raat Aur Din ɗin nan ban taɓa ganin sa ba. Ummi, in kin san inda ake samun mai rubutun Faransanci ko fassarar Hausa, ki taimaka min.