Me za mu kira “restomod” da Hausa?

Mai Fassara: Jama'a, ina neman kalma. A Amurka akwai masu ɗauko tsohuwar mota mai ƙwanji, kamar Chevrolet Camaro ta 1969 mai rufin da ake naɗewa, su bar mata sifarta ta da, amma inji da giya da birki duk na yau. Suna ce wa aikin “restomod”, gutsuren kalmomi biyu ne aka haɗa, maido da abu yadda yake da kuma sauya shi. Ina tsakanin “kwaskwarima” da “garambawul”.

Bakanike: Malam, ajiye kwaskwarima, wannan aikin mai fenti ne. Garambawul ma bai kai ba. In aka yi wa inji garambawul, sauke shi ake yi, a sauya ringi da metal, a mayar da shi mazauninsa. Nan kuwa injin asali fita yake yi ɗungurungum. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sa wa Camaro shi ne LS3 na General Motors, lita 6.2, silinda 8, ƙarfin doki 430. Daga nan aiki ke haihuwar aiki. Tsohon injin da kafireta yake sha, matsin man da yake so bai kai rabin bar ba. Sabon na injekta ne, bar 4 yake nema, don haka sai an sa famfo cikin tanki, tankin kuma mai shinge a ciki. In babu shingen, ana shan kwana mai zai gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska, mota ta yi tari a tsakiyar kwanar. Kwanon baƙin mai na ƙasan inji shi ma sai an sauya: na manyan motoci yana saukowa ƙasa da yawa, tudu ɗaya zai fasa shi.

Mai Walda: Gaskiya ne, Oga, amma da inji ka fara, alhali a mota marar rufin ƙarfe ƙasa ake fara dubawa. Camaro ta 1967 zuwa 1969 ba ta da shasi dogo daga gaba har baya. Guntun firam ne a gaba, an ɗaure shi da jikin motar da kusoshi, sauran kuwa bodi ne ke riƙe kansa. A mai rufin ƙarfe, rufin ne ke hana jiki murɗewa. Cire shi kamar cire murfin kwalin takalmi ne, kama gefe biyu ka murɗa ka gani. Kamfanin ma ya san da haka: ya ƙara ƙarfe a ƙasa, ya kuma sa wasu gwangwanaye huɗu masu nauyi da mai a ciki, biyu gaba biyu cikin but, don su shanye karkarwa. Masu neman rage nauyi kan cire su, sai sitiyari ya kama rawa. Kafin a ɗora doki 430, a yanke duk inda tsatsa ta ci a daɓe, domin rufin yadi yana yoyo, sannan a haɗa firam ɗin gaba da ƙasan bodin ta baya da sandunan ƙarfe biyu. A yi waldar motar na tsaye kan tayoyinta, ƙofofi a rufe. In aka yi tana rataye a jak, karkacewar da ta yi a sama ita za a daskarar, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba.

Ni dai “aure” nake gani, kamar yadda ake yi wa mangwaro: tushe na da, reshe sabo.

Malama Mai Nahawu: Ma'anar ta zauna, Malam, sai dai ka ce “motar aure” a gaban mutane ka ga ko ba za a tambaye ka ina amarya ba. Wanda zai kawo “sabon ciki” ma ya haƙura tun yanzu. Ina ganin “dashe” ya fi. Kunne ya riga ya saba da dashen ƙoda, jiki na mai shi, abin da aka sa daga wani wuri. Sai mu ce aikin “dashen zamani”, motar kuma “mai dashen zamani”.

Bakanike: Ya yi, Malama, kuma kamar na asibiti, jiki yakan ƙi abin da aka dasa masa. Giyabos mai giya 6, Tremec T56 Magnum, ya fi ramin da ke tsakanin kujeru girma, sai an yanka an ɗaga. TKX mai giya 5 ya fi shiga salin-alin. Ƙaramin aksul na baya ba ya jure sabon ƙarfin, shi ya sa ake sa na Ford mai inci 9. Birkin diram yana zafi ya saki, ana mayar da shi na faifai, faifai mai inci 13 kuwa ba ya shiga wilin asali mai inci 14, sai 17. Kusurwar farfela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, in ba ta dace da ta aksul ɗin ba, gurnani za a ji a babban gudu.

Mai Fassara: To wanda ya sauya inji kawai ya bar birkin 1969 fa?

Mai Walda: Wannan “dashen inji” ya yi, kuma kada ka shiga motarsa. Sai an taɓa inji, giya, birki da ƙafafu sannan a ce dashen zamani.

Malama Mai Nahawu: Wadda aka maido da ita da kayanta na asali, lambar inji ta dace da ta bodi, ita ce “maido da asali”, kada a cakuɗa su. Rufin kuma “mai naɗe rufi” ya wadatar. “Buɗaɗɗiya” sai a ɗauka akori-kura ake nufi.

Mai Fassara: Na rubuta: “Camaro 1969 mai naɗe rufi, mai dashen zamani.” Saura “coilover”, Oga, sifirin da shokozoba a haɗe. Wa ke da suna?