Ma'auni biyu a jadawali ɗaya: in sake awon farko ne?

Assalamu alaikum malamai. Muna bibiyar ihun wani yaro mai larurar galahanga a makarantarmu a Garwa, kuma har yanzu ba mu fara gyaran halin ba domin awon farko, wato auna ihun kafin a fara gyara, ya ƙi zama.

Da ƙirga muka fara. Amma wani ihun daƙiƙa 3 ne, wani ya kai minti 4, kuma kowanne "ɗaya" ake rubuta masa. Sai muka raba zaman minti 20 gida 120, kowane gida daƙiƙa 10, duk inda ihu ya faɗo ko yaya yake a sa alama. Wannan hanya tana kumbura adadi: ƙaramin ihu ya cinye gida guda, kason gidajen da aka sa wa alama ya haura abin da kunne ya ji a aji.

Yanzu a jadawalin da muka zana a Excel ɗigogin farko adadi ne, na baya kaso cikin ɗari, layin tsaye na gefen jadawalin, inda ake jera lambobin awo, ba zai ɗauki duka biyun ba. Yaron kuwa yana wahala.

Shin in ja layin sauyi, wato layin da ke raba ɗigogin inda aka samu canji, in ci gaba, ko in sake awon farko da agogo, ina auna tsawon kowane ihu? Na gode.