Waɗanda suka ga Lidström da idonsu, ku zo mu yi hira

Baban yara, Detroit: Salamu alaikum jama'a. Jiya ɗana ya tambaye ni dalilin da ya sa lamba 5 ke rataye a saman filin Red Wings, kulob ɗinmu na wasan hoki na kan ƙanƙara. Na ce ta ɗan wasan baya Nicklas Lidström ce, tun 2014 aka ajiye ta, ba wanda zai sake sa ta. Sai ya ce to me ya yi? Na rasa ta inda zan fara. Ku da kuka kalle shi, ku taimaka.

Tsohon ɗalibi, Ann Arbor: Wa alaikumus salam, yaya. Ni fa ranar farko haushi na ji. Wani abokin karatuna ya kai ni Joe Louis Arena, filin Red Wings na lokacin, a 2008, tun a mota yake zuga mini mutumin. Na zauna ina jiran ya maka wani da bango, shiru kake ji. Sai abokin ya ce in daina bin 'yar baƙar robar nan da ake bugawa a matsayin ƙwallo, in zuba wa lamba 5 ido kawai. Nan na gane. Ɗan gaba zai taho a guje, shi kuwa yana sulalewa da baya a natse, sanda a hannu ɗaya shimfiɗe kan ƙanƙara, yana kora shi gefen bango har hanya ta ƙare masa. Ɗan taɓi kaɗan, roba ta koma hannun Detroit. Ko faɗuwa ba wanda ya yi.

Direba, Windsor: Malam, ka manta bugunsa. Da gangan yake kauce wa raga ya doki bangon baya, robar ta dawo gaban gola, ga abokin wasansa Tomas Holmström tsaye ya tare wa golan gani. Na daɗe ina ɗauka kuskure ne, sai wani fasinja dattijo ya yi mini dariya. Kaka ashirin a kulob ɗaya, kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, huɗu: 1997, 1998, 2002, 2008.

Maman biyu, Västerås: Nan garin namu na Siwidin ya buga kafin ya tafi Amurka a 1991. Wasan ƙarshe na Olamfik 2006 a gidan maƙwabciyata na kalla, Siwidin da Finlan. Ana dawowa zango na uku, ko shayina ban ajiye ba, Lidström ya narka wa Finlan robar a raga. Haka aka tashi 3 da 2. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ta rungume ni tana ihu.

Ɗan Toronto: Ku yi haƙuri, kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya sau bakwai ya ci, Bobby Orr, tsohon ɗan baya, takwas.

Direba, Windsor: Ka ga Orr ɗin da idonka, ƙane? An ce waɗanda suka gani. Na bakwai ɗin ma a 2011 ya karɓa, yana da shekara 41.

Baban yara, Detroit: Na gode. Asabar zan nemo masa tsohon wasa, in ce ya bi lamba 5 kawai.