Masu tallar maganin ciwon jiki da lasifika, wa ke da ikon hana su?

Ɗan Mabera: Jama'a, masu yawo da maganin ciwon jiki a tasha da Tsohuwar Kasuwar Sakkwato suna cewa ƙwaya ɗaya tana kashe sanyin ƙashi, basir da hawan jini. Doka ta yarda da wanga?

Malam Kemis: Ba ta yarda ba, ɗan'uwa. Tun 1993 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ke da alhakin wannan. Ko magani na da rajista, sai ta amince da kalaman talla kafin a yaɗa su. Wanda ya ƙara a tallarsa cutar da ba a yi wa maganin rajista a kanta ba, ana kwashe kayansa, a rufe shagon. Lasisin shagon kemis kuma na PCN ne, hukumar kula da masu harhaɗa magunguna. Duba lambar rajistar da ke jikin kwali a Greenbook, kundin NAFDAC na intanet na magungunan da aka yi wa rajista. Sau da yawa lambar ta wani magani ce aka kwafa.

Hajiya Nas: Malam, ka bar mafi muni. Ana daka diclofenac da dexamethasone, magungunan bature na ciwo da kumburi, a zuba cikin garin da ake kira na gargajiya. Ciwo ya lafa nan take, shi ya sa ake rububi. Bayan makonni fuska ta kumbura, suga ya hau, gyambon ciki ya fara zubar da jini, ƙoda ta taɓu. Ko farasitamol, babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, in ya wuce hanta ce ke lalacewa.

Malam Kemis: Gaskiyarki, Hajiya. Mai kai ƙara ya tafi ofishin NAFDAC da kwalin, lambar rukunin da aka sarrafa maganin (batch) a jiki, da hoton tallar.