Wai wa ya fara ƙirƙiro wayar tarho ne?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Don Allah ku taimaka, yarona aka ba aikin gida wai wa ya ƙirƙiro tarho, mu dai tun muna firamare Graham Bell aka koya mana, to shi kuma ya leƙa intanet ya ga wani wai Meucci har yana min dariya wai ilimina tsohon yayi ne. Wanne zai rubuta?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Bell ne ya samu takardar mallakar fasahar a Amurka ranar 7 ga Maris 1876, shi ya sa sunansa ya cika littattafai. Amma fa ranar da lauyansa ya kai takardu ofishin rajista, 14 ga Fabrairu, a ranar nan ce aka shigar da na wani Elisha Gray shi ma kan na'urar aika murya ta waya, kuma har gobe ana musun na wa suka riga shiga, daga baya ma jami'in da ya duba takardun ya yi rantsuwa cewa ya nuna wa Bell na Gray, sai dai ya taɓa yin wata rantsuwar saɓanin haka, to wacce za ka kama?

Maman Ilham:
Ni Meucci ɗin nan ne yake ban tausayi wallahi. Ɗan Italiya ne mazaunin New York, tun 1871 ya shigar da sanarwar cewa yana kan aikin, amma sai an riƙa sabunta ta duk shekara da dala 10, ana cewa talauci ne ya sa ta mutu a 1874. A 2002 majalisar wakilan Amurka ta amince a karrama aikinsa, ba a yi sati biyu ba majalisar Kanada ta ce ina, Bell ne. Dama gidan su Bell a Kanada yake, kowa nasa ya sani.

Injiniya:
Hajiya in tausayi ne ai akwai Philipp Reis, malamin makaranta a Jamus, tun 1861 na'urarsa take aika sautin kiɗa, magana ce ba ta fita tas. Wanda ya fara tunanin daban, wanda tasa ta yi aiki daban, wanda ya riga kai takarda daban. Ni a ganina Bell ya ci sunansa don shi ya kai abin kasuwa har mutane suka fara kiran juna.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Bell zai rubuta kar malaminsu ya kayar min da shi, Meucci ya sa shi a ƙasa da fensir.