"Ingiza mai kantu ruwa": ta hau kan mai zuga yaƙi da bai taɓa sa kaki ba?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum. Ina roƙon dattawa su warware mana karin maganar nan, "ingiza mai kantu ruwa". Yadda na tashi na ji, kantun na gishiri ne, irin wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma zuwa Agadas, ya gangaro ƙasar Hausa. Mutum na ɗauke da shi ya iso bakin kogi, wani na kan tudu yana ce masa shiga kawai, ruwan iya gwiwa ne. In ya shiga kantu ya narke, jarinsa ya tafi, mai zugar kuwa ko ƙafar wandonsa ba ta jiƙe ba. To mutumin da ke kururuwar a tafi yaƙi, shi bai taɓa shiga soja ba, ɗansa ma ba ya ciki, maganar ta hau kansa? Wani abokin aikina ya ce zalunci ne a jefe shi da ita.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ta hau, har ta zauna daram. A Amurka an daɗe ana wannan musun. Lokacin yaƙin Biyetnam ana ɗaukar samari aikin soja dole, kuma sojojinsu sama da 58,000 suka mutu a can. Dick Cheney sau biyar ana ɗage masa kiran, ta hanyar karatu da iyali, kuma a 1989 ya faɗa wa ɗan jarida cewa a shekarun nan yana da wasu abubuwan da ya sa a gaba, ba aikin soja ba. Shi ne mataimakin shugaban ƙasa a 2003, yana sahun farko na masu cewa a afka wa Iraƙi. A watan Fabrairun shekarar, hafsan sojojin ƙasa, Janar Eric Shinseki, wanda nakiya ta cire masa wani sashe na ƙafa a Biyetnam, ya gaya wa majalisar dattawa cewa riƙe Iraƙi bayan yaƙi zai buƙaci sojoji dubu ɗaruruwa. Paul Wolfowitz, mataimakin sakataren tsaro, wanda bai yi soja ba, ya fito ya ce lissafin Janar ya kauce nesa. Ga mai kantu ya ce ruwan nan da zurfi, ga na kan tudu ya ce ƙarya ne. An shiga. Sojojin Amurka sama da 4,400 suka mutu, 'yan Iraƙi kuwa ninkin-ba-ninkin haka, makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su ba a same su ba.

Uwar Marayu: Malam, a yi mini uzuri, ban gamsu ba. Ni mace ce, ban taɓa riƙe bindiga ba, ba kuma zan riƙe ba. In 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu na ce gwamnati ta tura sojoji, na zama mai ingiza mai kantu ke nan? Makaho fa, da tsoho, da gurgu? In aka ce sai wanda ya sa kaki ne zai yi magana kan yaƙi, to an miƙa wa soja ƙasa ke nan, mu kuwa mun ga mulkin soja a Najeriya da Nijar. Roosevelt bai taɓa zama soja ba, a keken guragu ya jagoranci Amurka a yaƙin duniya na biyu. Sannan wa ya je Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu 2003 ya kare hujjar yaƙin Iraƙi? Colin Powell ne, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, cikakken janar mai ritaya. Sanata John McCain, da aka kama a yaƙin Biyetnam, ya yi sama da shekara biyar a kurkukun Hanoi, shi ma ya goyi bayan yaƙin. Ashe kaki ba ya hana mutum kuskure.

Malamin Tarihi: Hajiya, batun Powell da McCain gaskiyarki ne, ba zan musa ba. Amma su sun san zurfin ruwan da jikinsu.

Tsohon Saje: Bari in sa baki, tunda ni ne mai kantun. Ina cikin waɗanda aka tura Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS. Hajiya, ke ba kya ciki ko kaɗan. Wadda aka kashe wa dangi ta ce a kawo ɗauki, ai ita tana cikin ruwan tsundum tun kafin mu iso. Soja ba ya jin haushin farar hula don ya ce a yi yaƙi, da harajinsa ake biyanmu. Wanda ke ƙona mana rai shi ne wanda aka kira a lokacinsa ya zille, sannan da furfura ta fito ya zama shi ne mai babbar murya, har yana kiran masu cewa a bi a hankali matsorata. Ni na kai wa iyalin abokina kayansa bayan mun dawo: agogo, da 'yar rediyo, da wasiƙar da bai gama rubutawa ba. Mahaifiyarsa ta karɓi jakar ta rungume, ba ta buɗe ba, ta tambaye ni ko an yi masa salla. Duk mai kiran yaƙi ya fara raka mutum irin wannan aike sau ɗaya. Kuma a ganina karin maganar ma ta yi sauƙi. Mai kantu yana iya cewa ba zan shiga ba. Soja in an ba da oda ba shi da wannan bakin.

Alaramma: Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Baba Saje. Wani abu da ba a taɓo ba shi ne niyya. Hausawa ba sa cewa an ingiza mai kantu sai in mai zugar ya san akwai asara kuma ya san ba a kansa za ta faɗa ba. Wanda ya ba da shawara da zuciya ɗaya ta ɓaci, kuskure ya yi. Alƙur'ani ma ya raba su. A Suratut Tauba an ɗauke laifin rashin fita yaƙi daga raunana da marasa lafiya da waɗanda ba su da abin ciyarwa, wannan ya amsa wa Hajiya. A Suratul Baƙara kuwa ga labarin manyan Bani Isra'ila da suka nemi a naɗa musu sarki su yi yaƙi, da aka wajabta musu sai suka juya baya, in ban da kaɗan. Zargin yana kan wanda ya nema da bakinsa, ya gudu da ƙafarsa.

Uwar Marayu: To Alaramma, wa ya ga zuciyar wani? Abin da nake tsoro shi ne a mai da karin magana sandar rufe baki. Mutum ya kawo hujja, maimakon a duba hujjar sai a ce ina kakinka.

Tsohon Saje: Ba sai an ga zuciya ba, 'yata. A tambaye shi me zai rasa in abin ya ɓaci. Muhammad Ali ya ƙi zuwa Biyetnam a 1967, amma ya ce yaƙin ne bai yarda da shi ba, aka ƙwace kambunsa, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe. Wannan ina girmama shi duk da bai sa kaki ba, domin bai tura ɗan kowa ba.

Ɗan Damagaram: Abin da ya sa na kawo maganar, Baba, shi ne 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da aka kifar da shugaban Nijar Bazoum, ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda, daga baya ta ce a shirya rundunar ko-ta-kwana. Na ga mutane a Facebook, wasu ma daga Turai suke rubutu, suna cewa a shiga Yamai a gama cikin kwana biyu. A ɓangarenmu ma akwai masu cewa a zo a gwada, alhali ba su da ko ƙane a bariki. Sanatocin Arewacin Najeriya suka ƙi, majalisar dattawan Najeriya ta ce a bi hanyar sulhu, domin jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno. Mu da ke da 'yan uwa a Maraɗi da Katsina, a Ƙonni da Illela, rufe iyaka kaɗai da yanke wutar lantarki sun gwada mana abin da ke tafe. Amma akwai inda na tsaya cak. Wani maƙwabcinmu yana cikin masu cewa a yi yaƙin, bai taɓa soja ba, sai dai ɗansa na fari soja ne, kuma da an fara yana cikin waɗanda za a tura. Baba Saje, shi wannan a kan tudu yake ko a cikin ruwa?

Tsohon Saje: Ɗana, wannan kantunsa ne a kan yaron, ba zan jefe shi da karin maganar ba. Sai dai zan so in ji ko ya tambayi uwar yaron kafin ya buɗe baki.