Labarin soyayya na Kirista da Hausa: ta ina ake kamawa?

Rahila, Ƙofar Ƙaura:
Salama gare ku, iyayena da yayyena. Ina son rubuta labarin saurayi da budurwa 'yan ikilisiya a wajen Malumfashi, da Hausa, don matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, da 'yan mata. Littattafan soyayyar da aka saba, kishiya ko saki ne ke riƙe da labarin, mu kuwa ba mu da wannan ƙofar. To me zai raba masoyan har shafi ɗari? Aya da addu'a nawa zan sa kada ya koma wa'azi? In na gama, bugawa zan yi ko in sake shi a waya?

Mama Saratu:
Rahila 'yata, sannu da himma. Rashin saki ba ya rage wa labarinki ƙarfi. Tunda a wurinmu in an ɗaura an ɗaura ke nan, nauyin duka ya koma kan zaɓin da ake yi kafin aure, kuma mai karatu ta san kuskuren nan takarda ba ta gyara shi. Ki nemi cikas ɗin da mutumin kirki ma zai iya tsayawa a kansa, ba sai kin ƙirƙiri muguwar uwa ba.

Ɗauki gwajin jini. An kai gaisuwa, an fara haɗa lefe, sai sakamako ya fito dukansu AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Kowane ciki na ce, ba ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Ki rubuta shi daidai, ma'aikatan jinya na cikin masu karatunki. Uwar da ta ce a'a a nan tana da gaskiya, yarinyar da ta ƙi rabuwa ma tana da tata. Wannan kaɗai zai ci babi goma.

Akwai kuma bambancin ɗarika, ita Katolika shi ECWA. Akwai saurayi manomi da ke jiran kaka ya sayar da masara ya biya sadaki, ga wani ma'aikaci daga Kaduna ya fito da kuɗi a hannu. Akwai yarinyar da aka taɓa sa wa horo a ikilisiya, ta tuba an karɓe ta, amma bakin mutane bai karɓe ta ba. Kuma kin san gidajenmu na Malumfashi da Ƙafur: gida ɗaya za ki tarar da Kirista, da kawu Musulmi, da kaka mai riƙe da gargajiya, kuma duk suna da baki a maganar aure. Ki rubuta kawun nan a matsayin mutum mai son 'yar ɗan'uwansa. In kika mai da shi mugun labarin don addininsa, kin yi ƙarya, kuma kin ɓata zumunci a banza.

Babban cikas ɗaya, ƙanana biyu, ya isa. Babban ya bayyana kafin ƙarshen babi na uku. Abin da ya fi kashe irin waɗannan littattafai shi ne marubuciya ta ɗaure ƙulli ta kasa kwancewa, sai ta kawo mafarki, ko hatsarin mota ya ɗauke abokin takara, ko a yi addu'ar dare jini ya koma AA. Jini ba ya canzawa. In kuskuren ɗakin gwaji kike son amfani da shi, ki shuka alamarsa tun farko. Addu'a ta canza zuciyar mutum har ya yanke shawara mai wuya, shawarar ce za ta kwance labarin.

Fasto Iliya:
Ɗiyata, Mama ta gama magana kan ƙulli. Ni tsarin aure zan ja miki kunne a kai, don a nan ake kama marubuci. Ba a wayi gari a ce Asabar mai zuwa biki. Saurayi zai sanar da fasto da dattawa, iyaye su kai gaisuwa, a yi gwajin jini, a yi zaman koyarwa kafin aure, sannan a yi sanarwa a sujada, galibi Lahadi uku a jere. In auren na rajista ne a ƙarƙashin dokar ƙasa, sanarwar sai ta yi kwana 21 a ofishin mai rajista, a ɗaura cikin wata uku, gaban shaidu biyu aƙalla. Kowace ɗarika da nata ƙarin, sai ki tambayi sakataren ikilisiyar da kika ɗora labarin a kanta. Lahadin nan uku kuwa kyauta ce gare ki, domin lokacin ne ake cewa mai dalilin hana auren ya fito.

Ki kula da shekara. Sai a 2023 Katolika suka sami dayosis na Katsina, wato yankin da ke da bishop nasa, kafin nan suna ƙarƙashin Sakkwato. In labarin na 2015 ne, kada bishop ɗinsu ya zauna a Katsina.

Batun aya: tun 1932 aka fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, an kuma yi wasu fassarori daga baya, kalmominsu ba ɗaya ba ne. Ki tsaya kan wadda ake karantawa a majami'arku, ki kwafo daga littafin, ba daga ka ba, ki duba shafin haƙƙin mallaka ki ga sharaɗin ɗauko ayoyi. Aya ɗaya a babi biyu ko uku ta wadatar, kuma ta fito daga bakin wanda ke cikin damuwa. Fasto na labari in ya wuce layi biyar yana magana, ki katse shi. Mu ma a kan bagadi ana yi mana gyangyaɗi, balle a littafi.

Kada kuma tsoro ya sa ki rubuta masoya kamar ƙane da yaya. Mai Waƙar Waƙoƙi a Littafi Mai Tsarki ba ya jin kunyar bege. Kallo, kishi, saƙon da aka rubuta aka goge, rakiya bayan koyon waƙa, duk ki sa. A ƙofar ɗaki ki tsaya.

Ladi:
Yaya Rahila, a waya za ki fara, amma kada ki saki babi na ɗaya sai kina da goma a ajiye. Kalma 500 a rana, kwana shida a mako, cikin mako 14 kin haura 40,000. Babin WhatsApp kada ya wuce kalma 1,500, sau biyu a mako, a ranaku tsayayyu. Masu rubutawa yau su saki yau, da zarar an ɗauke wuta ko rashin lafiya ta zo sai labarin ya tsaya, masu karatu su watse. Sunanki ki sa shi a tsakiyar kowane babi, don masu kwafa kai da ƙarshe suke yankewa.

Mama, ki yi mini afuwa, a nan zan ɗan ja da ke. Mai sayen littafin soyayya biki take jira. In masu AS ɗin za su rabu, dole wanda za ta aura ya shigo tun rabin farko, a san shi a so shi. In a babi na ƙarshe ya faɗo, za a ce an yi mata auren huce haushi.

Mama Saratu:
Gaskiyarki, Ladi. Kuma shi saurayin farko kada a bar shi a titi, a nuna inda ya dosa.

Bitrus:
Ƙanwata, ga ɓangaren maɗaba'a. Kalma 40,000 a takarda A5, kusan 280 a shafi, zai ba ki shafi 144, wato 16 sau tara. Ki riƙa lissafi da 16, don haka ake ninke babbar takarda. In kika tashi da 147, kuɗin shafukan banza za ki biya. Ciki takarda mai giram 60 ko 70, bango kati mai giram 250 da leda a kai. Mai kaurin nan ba a yi masa ƙusa, ɗaurin gam ake yi, ki bar fili isasshe ta gefen ɗaurin kada gam ya cinye farkon layi.

Inda aka fi yin asara shi ne haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. In kika kai fayil ɗin Word, kwamfutar mai bugawa ba ta da irin rubutunki, sai su fito akwati-akwati. Ki yi amfani da irin rubutun da ake kira Charis SIL ko Gentium, ki mai da shi PDF, ki ce a fitar miki da kwafi ɗaya ki karanta da biro kafin a ƙona faranti, wato ƙarfen da ake ɗora shafukan a kai don babban injin bugawa. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ake karɓa, kuma akwai kwafi uku da doka ta ce a kai musu bayan bugawa.

Kada ki fara da dubu. Ki buga 100 da injin dijital, kowane kwafi ya fi tsada amma ba za su kwanta miki a ɗaki ba. Ki kai taron Zumuntar Mata da na matasa da izinin shugabanni. In kin bar wa mai shago, ki rubuta adadi da kasonsa ya sa hannu. In ɗarin ta ƙare cikin wata uku, sai a yi maganar faranti da kwafi 500.